Rasuwar Ba-Kallabi, Motar Ɗana Magagi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta huce ba kuma ban ga ranar hucewarta ba, ni Tambara, matar marigayi Lado, ta unguwar gabas da kasuwar Filinge, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nan gari da na Tabla da Damana har Sanam, rasuwar jar motar ɗana Magagi, wadda gari ya sani da Ba-Kallabi. Ta cika ranar Talata da azahar, a gindin gawon da ke ƙasan gangaren dutse, kan hanyar Damana. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Ali da ke rubuta mani wannan ya ɗaga alƙalami ya ce ba a faɗin haka a kan ƙarfe. Na ce mashi ya rubuta. In bai dace da ƙarfe ba, ya dace da ni.

Marigayiya ba haihuwar ƙasar nan ba ce. Wani Anasara likitan shanu ne ya kawo ta daga Yamai a bayan kamyo, babbar motar kaya, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba sai a ƙofar gidanshi. Ba motar aiki ba ce. Wurin zama biyu gare ta, ba rufi, shi ya sa matan rijiya suka sa mata Ba-Kallabi, don da kai buɗe take wucewa gaban manya. Cikinta dab da ƙasa, kamar akuyar da ta kusa haihuwa. Anasaran yakan kwanta ƙarƙashinta ran Lahadi yana kwancewa yana ɗaurewa, don jin daɗi kawai, yadda wasu ke kiwon tantabara. Kafin a yi mashi canji ta riga ta daina tashi. Ya bar ta ga kukunshi, kukun kuwa ya kira maƙera su sare ta su yi fartanya.

Dole in faɗi wani abu game da ɗana, don wanda bai san shi ba zai ce tsohuwa ta zare, tana makokin mota. Magagi ya yi soja. Sun kai shi yaƙin Andoshin, can bayan teku, aikinshi gyaran manyan motocinsu. Ya komo da hannu biyu da ƙafa biyu, gari ya zo yi mani barka. Amma wanda ya komo ɗin ba ya magana. Tabarma yake shimfiɗawa a ɗaki ya juya fuska ga bango tun safe har yamma, hannuwanshi na rawa har fura na zuba a rigarshi. Na kai shi wurin masu bori a Tabla, aka yi goge, aka yanka baƙar akuya. Na ɗura mashi rubutu har ya ƙi buɗe baki. Matarshi ta yi haƙuri iya nata ta koma gidansu, ban kuwa ga laifinta ba.

Wata safiya ina janye da shi zuwa likita muka bi ta ƙofar gidan Anasaran, maƙera na kewaye da motar suna ciniki. Magagi ya tsaya. Na ja, ya ƙi. Ya je ya ɗora tafinshi a kan jan jikinta, ya ce, "Inna, kar su sare ta." Ban tsaya tambayar kowa ba. Na koma gida na kwance saniyata, wadda na gada daga uwata, na kai wa kukun. Da bijiman maƙwabta muka jawo ta har zaure, yara na bin mu da ihu.

Ga halayen marigayiya, kuma ba zan ƙara mata gishiri ba don ta mutu. Ba ta iya ɗaukar ko buhun gero ɗaya. Mai take sha kamar raƙumin da ya fito daga Azawak. Yashi kaɗan ya ishe ta ta durƙusa, sai an kira maza sun ɗaga. Ta cinye mani kaji biyu da tukunyar rini. Da safe sai an lallashe ta, ta yi tuhu, tuhu, tuhu-tuhu, kamar tsoho mai tarin taba, sannan ta saki gurrrr ɗin da ke sa jakunan unguwa tsinke igiya. In ta tsaya takan ce ƙiiii, siririya, kamar mai jin kunya, ita da ba ta da kunya ko ta anini.

Amma abin da goge da rubutu suka kasa, ita ta yi. Damina biyu da rani biyu Magagi na kwance ƙarƙashinta. Da fari da ita yake magana, ina daka ina jiyo shi yana ce mata ta yi haƙuri. Daga baya ya fara cewa, Inna miƙo mani wancan. Daga nan sai ya soma tambayar mi aka dafa. Ranar da ta tashi ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ni kuwa na shige bayan rumbu na yi kukana inda ba mai gani. Ya koma zuwa masallaci. Ya koma zuwa kasuwar Lahadi yana gardamar farashin albasa. Wanda bai taɓa zama da ɗa mai kallon bango ba, ba zai san daɗin jin ɗanshi na gardamar albasa ba.

Ciwon ajalinta ga yadda ya faro, kuma a saurara da kyau, don nan ne maganar take. Akwai wani siririn tiyo na jan ƙarfe, bai kai kaurin ɗan yatsana ba, da ke kai man birki daga ƙafar mai tuƙi zuwa ƙafafun baya. Magagi ya ce mani shi ne jijiyarta. Can ƙasar da aka ƙera ta hanya a shafe take, shi ya sa suka bi da tiyon ta ƙasan ciki. Mu kuwa nan kututturen sabara da duwatsu ne hanyarmu, kullum suna ƙwanƙwasar shi, har ya lotse. Magagi ya ce zai sauya mashi hanya, ya hau da shi sama ya bi gefen ƙashin motar, ya kewayo ta baya, nesa da bututun hayaƙi. Ya ce man birki ba ya shiri da wuta, in ya ji zafi tafasa yake, in ya tafasa kuwa ko ka taka iska ka taka.

Zaren da na kaɗa da hannuna ya roƙa. Ya shiga ƙarƙashi yana bin sabuwar hanyar da shi, yana ƙulli duk inda za a ɗaure. Ni ke riƙe da bakin zaren, ni na datse shi da haƙorina inda ya ce. Da aka kawo mashi sabon tiyo daga Yamai, a gabana ya shimfiɗa shi kusa da zaren ya yanke daidai tsawonshi, ba ƙari ba ragi, sannan ya mayar da zaren ƙarƙashin motar ya ɗaure shi a hanyarshi don mai aiki ya bi.

Abin da ya rage shi ne lanƙwasawa da buɗe bakin tiyon ya zauna daram, wannan kuwa aikin hannun da ba ya rawa ne. Shi ya sa ya kai ta wurin Moussa.

Moussa mai gyaran kamyo ne a bakin tasha, ɗan Kubura, ƙanwar mijina. Taubashin Magagi ke nan, ɗan mace, shi kuwa Magagi ɗan namiji. Kowa ya san wasan. Tun suna yara Moussa ke sace mashi hula yana kiran shi ubangida marar wando, a yi dariya a wuce. An kai motar ne cikin watan cika-ciki, lokacin da taubasai ke bin juna bashin shara, ɗan abin da ɗan mace, bawan wasa, ke karɓa wurin ɗan namiji. Moussa ya tarbe shi da cewa, "Ubangidana, kawo matar taka in duba mata ciki, kai je ka huta, kan nan naka ya yi aiki da yawa." Magagi ya yi dariya ya taho gida. Da ya koma ɗauka, Moussa ya riga ya mayar da farantin kwanon da ke kare cikinta ya ɗaure tamau, ya naɗe zarena a jikin sandar giya. Magagi ya taka birki a fili ya ji ya kama. Bai kwance faranti ya duba ba. Wa ke bin sawun aikin ɗan gwaggonshi?

Ranar Talatar muna tafiya Damana ne barkar haihuwar 'yata Muna. Ni ce a gefenshi, da ƙwaryar daddawa a cinyata. Rana ta take, mun daɗe muna hawa kan tudu, motar ta yi zafi har ina jin shi a tafin ƙafata. Da muka soma gangara na ga ƙafar Magagi ta nutse har ƙasa. Ya ɗaga ya sake takawa. Ƙiiii ɗin nan da na saba ji bai zo ba. A ƙasan gangaren ga mata sun taso daga rijiya da tuluna, ga goyo a bayansu. Ya ce, "Inna, riƙe." Ya karkatar da ita ga gawo, ya ba itacen gefenshi, ba nawa ba.

Maganarta ta ƙarshe guda ce, ƙwaram, sai wani dogon tsssss kamar an zuba ruwa a murhu. Hannuna na hagu ya karye, haƙorana na gaba suna can gindin gawon. Magagi goshi kawai ya fashe. Bai ko share jinin ba, sai da ya ga ina numfashi, sannan ya rarrafa ƙarƙashinta ya ɓamɓare farantin. Ga tiyo nan an miƙe da shi ta gajeriyar hanya, kwance jikin bututun hayaƙi, ya yi baƙi ƙirin. Ya fito ya ce, "Ba nan na sa zaren ba."

Ba a yi kwana nawa ba na ga Habsa, matar Moussa, a rijiya, da sababbin mundaye biyu na jan ƙarfe a hannu, sirara, masu rami a ciki. Na kama hannunta na juya. Ban yi karatu ba, amma na san tiyon da ɗana ya yanka a gabana. Yarinyar ba ta san kome ba, mijinta ya ce mata tsaraba ce. Yanzu in ta hango ni sai ta ja zane ta rufe hannun.

Na kai ƙara wurin Ɗangoma, wan mijina, shi ne babban gidan. Ya tara dattawa a zaure, aka kira Moussa, na jawo Magagi ya zauna. Moussa bai ko musa ba. Ya ce, "Inna, abin da ya ragu na ɗauka, sharata ce ta bana. Ni bawa ne, inda zaren ubangidana ya bi nan na bi. Ai kun san kan nan nashi, wa ya san inda ya ɗaura shi?" Aka yi dariya. Wallahi aka yi dariya, har da masu furfura, ni ina zaune da hannu a ɗaure da karan dawa.

Na ce ba abin da zai ragu, don daidai zare aka yanke tiyo. Na fiddo zaren daga lalitata, wanda na kwance daga gawar, na ce a cire mundayen a miƙe su a haɗa da ƙonannen tiyon a gwada. Ɗangoma ya ce ba a tuɓe wa matar aure abin hannu a gaban maza saboda ƙarfe. Ya ce shaidar uwa ga ɗanta kowa ya san inda take karkata. Ya ce tun kakanni ba a taɓa kai taubashi shari'a a kan shara ba, in aka fara yau zumunci ya mutu. Ya ce in gode Allah ba a rasa rai ba. Na ce mashi, Yaya, ka dubi ɗan ƙaninka da kyau sannan ka sake faɗin ba a rasa rai ba. Ya ce in tashi, na fara rashin kunya.

A hanyar gida Magagi ya tsaya daidai inuwar itacen bedi. Ya dube ni ya ce, "Inna, ko nan ɗin na sa shi?" Na ce a'a. Na rantse mashi da kabarin ubanshi. Ya yi ta kallon hannuwanshi. Wannan ita ce maganar da na ji daga bakinshi ta ƙarshe har yau da ake wannan rubutu. Ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohuwar tabarmar.

Ban zauna ba. Na je wurin masu shari'a, suka ce maganar gida ce, a koma wa Ɗangoma. Na je biro, ofishin hukuma, na yini a rana, tafinta ya fito ya ce motar ba ta da takarda, a wurinsu ta mutu tun zamanin likitan shanu, kuma in na matsa, Magagi za a tambaya da izinin wa ya hau hanya da ita. Na je wurin Kubura, uwar Moussa, wadda ni na yi mata wankan jego lokacin da ta haife shi. Ta ce, haba Tambara, yara ne, wasa ne. Yara! Mutum da gemu da 'ya'ya huɗu. Ƙofofin da na sani ke nan a garin nan, duka na ƙwanƙwasa. Ba ni da miji, ba ni da wa, saniyar ma babu.

Marigayiya ta rasu ta bar Magagi, wanda ya rene ta, yana ɗaki fuskarshi ga bango. Ta bar ni, da hannu ɗaya. Ta bar ƙafar ajiya guda da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da akwatin ƙarafan gyara da ba wanda ya buɗe tun ranar, da tabon baƙin mai a tsakar zaure wanda na hana a share. Ta bar yaran unguwa da ba su da abin bi da gudu. Ta bar jika da aka raɗa wa suna a Damana ba kakarta ba kawunta. Ta kuma bar wani yanki na jikinta a hannun Habsa, yana ƙara in tana daka.

Masu zuwa ta'aziyya, na gode, amma a kiyaye mani abu biyu. Kar wanda ya ce mani ƙarfe ne. Na san ƙarfe ne, ni na biya shi da saniya. Kar kuma wanda ya ce mani ƙaddara ce. Ƙaddara ta san gawo, na yarda, amma ba ƙaddara ce ta kai guntun tiyo maƙera aka naɗe shi munduwa ba.

Ni ba mota nake nema ba. Moussa ko ya sayar da kanshi ba zai iya biyan ta ba, ban kuma ce a ɗaure shi ba, ɗana ne shi ma, a bayana ya yi barci. Hannuna zai ɗore ko ya ƙi, tsohuwa ce ni. Abin da ya ɗauka wanda nake so ya maido, shi ne abin da ya faɗa a zauren nan. Ɗana ya yi shekaru kafin ya yarda kanshi na faɗa mashi gaskiya. Da wasa ɗaya aka ƙwace mashi. Ni in na ce mashi daidai ya yi, uwa ce ke magana, ya san ko ƙarya ce zan faɗa. Sai ya gani da idonshi.

Ga yadda jana'iza za ta kasance, in Allah ya kai mu. Ran Lahadi mai zuwa da hantsi, kasuwa na ci, bijiman da suka kawo ta gidana da fari su ne za su jawo gawar daga gindin gawo. Ba za a bi da ita ta bayan gari ba. Ta bakin tasha za a bi, a hankali, a tsaya gaban rumfar Moussa gwargwadon yadda bijimai za su sha ruwa. Daga nan a kawo ta ƙofar gidana a ajiye inda tagar Magagi ke kallo. Ba wanka, ba likkafani, da kai buɗe za ta tafi yadda ta rayu. Akwai gumba ga wanda ya zo, da hannu ɗaya aka daka, kar a yi ƙorafi.

Na yi magana da maƙeri, zai zo da uwar maƙera da guduma ya zauna a gefe. Zan shimfiɗa zarena a ƙasa, a miƙe, da ƙulle-ƙullenshi. Za a ciro ƙonannen tiyon a kwantar kusa da shi. Kowa zai ga inda ya tsaya, kowa zai ga abin da ya rage ba a cike ba. Wurin nan na Moussa ne. Ya zo da mundayen, Habsa ta cire su a ɗaki da hannunta ba a gaban kowa ba, ni zan ba ta nawa na azurfa da aka kawo ni gidan Lado da su. Maƙeri ya miƙe su a jera. In ba su cike zaren ba, a ce mani tsohuwar banza a tsakiyar kasuwa, na yarda. In sun cike, Moussa ya shiga ɗakin Magagi ya durƙusa ya ce, ba da dariya ba, ba da ubangidana ba: Magagi, zarenka daidai yake, ni na sauya hanya. Bayan wannan maƙera su ɗauki gawar su yi fartanyarsu, na yafe.

In bai zo ba, ba ni da abin da zan yi mashi. Wannan ma a rubuta, Malam Ali, kar a ce na yi barazana. Ba dogari gare ni ba, ba takarda. Sai dai ba za a tashi makoki ba. Ba sadakar uku, ba ta bakwai, ba ta arba'in. Gawar na nan ƙofar gida, duk mai zuwa kasuwa ya kewaye ta. Kowace Lahadi zan fito in shimfiɗa zaren in zauna, har ya zo ko a fitar da ni.

Kowace safiya nakan shiga in juya wa Magagi tabarma ta dubi ƙofa, kafin in komo da fura ya mayar da ita ga bango. Ran Lahadi ma zan juya ta. Moussa, ka san gidan, ka san ɗakin, a nan ka ci tuwon kawunka har ka yi gemu. Ƙofar a buɗe take.

Allah ya jiƙan Ba-Kallabi, ya dubi wanda ta bari.

Tambara, uwar Magagi, Filinge.